Dokar da Yaya Ya Yi a Kasuwar Sokode

Mu mahauta ne. Kakan Baba ya zo Sokode daga arewa yana bin shanu, ya ga garin ya yi masa, ya zauna, kuma tun daga lokacin sana'ar ba ta bar gidanmu ba. Gidan yana unguwar Kpangalam. A bayansa akwai ɗan fili ƙarƙashin mangwaro inda Baba yake yanka akuya ko tunkiya da safe kafin rana ta ɗaga. Shi yake feɗewa, mu mata mu wanke kayan ciki, sannan ya ɗaure naman a bayan keke ya nufi teburinsa a kasuwa. Haka kusan kowane ƙaramin mahauci yake yi a lokacin. Shanu kawai ake kaiwa mayanka.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, ni da yayana. Yaya babban mutum ne tun yana saurayi, ga faɗin ƙirji, ga murya mai kauri, kuma Allah ya yi masa baiwar kwaikwayo. In ya saurari mutum sau ɗaya ya ɗauke muryarsa ke nan, har da tarinsa da yadda yake jan hanci. Yakan yi wata mata 'yar ƙabilar Kotokoli mai sayar da doya tana rantsuwa cewa ta faɗi, yakan yi malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, yana faɗa da Faransanci, yakan yi ladanin unguwarmu ranar da mura ta kama shi. Inna sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta goge ido ta ce ya bari, ba kyau. Baba bai taɓa yin dariya a gabansa ba. Amma na sha ganin ya juya mana baya yana wasa wuƙa, kafaɗunsa suna motsi.

Yaya bai yi nisa a lakwal ba. Ya koma wajen Baba yana sara da awo, ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace. Ni na ci gaba da karatu har na zama malama, aka tura ni Dapaong, a can kuma na yi aure. Sai da hutu nake zuwa gida.

A shekarun nan ne Yaya ya shiga cikin wasu samari masu wasan kwaikwayo. Ƙungiyoyi sukan ɗauke su su yi wasa a kasuwanni da ƙauyuka don wayar da kan mutane, yau a kan rigakafin yara, gobe a kan gidan sauro. Saboda girman jikinsa, kullum shi ake ba babban mutum: likita, ko alƙali, ko mai gari. Baba yana kiran abin wasan yara, amma bai hana shi ba, muddin dai ya gan shi a tebur da safe.

Ina gida lokacin babban hutu aka ba su wani sabon wasa a kan nama. An riga an yi wata doka a can sama cewa duk dabbar da za a sayar wa jama'a sai an kai ta mayanka, likitan dabbobi ya duba, ya buga mata tambari. Dokar ta daɗe a takarda, ba wanda ya san da ita a unguwarmu, shi ya sa ake so a sanar da mutane kafin a fara aiki da ita. Yaya ya gaya wa Inna, bai gaya wa Baba ba. Inna ta ce masa wannan fa ya taɓa tukunyar gida, ya yi tunani. Ya ce da ita in bai yi ba wani zai yi, kuma gara mahauta su ji daga bakin ɗan gida.

Ranar babbar kasuwa aka yi wasan, da hantsi, a filin da ke kusa da layin mahauta. An kafa lasifika, an jera benci, mutane sun yi da'ira. Na samu wuri a tsaye kusa da wata mai sayar da koko. Labarin ba shi da wuya. Wani mahauci ya yanka akuya marar lafiya a bayan gidansa, ya kai kasuwa ƙudaje suna binsa, wata mata ta saya, ɗanta ya ci ya kwanta. Daga nan sai babban mutum ya zo ya kafa doka.

Da yaron da ya yi mahaucin ya shigo fili, sai na lura da tafiyarsa. Yana jan ƙafar hagu, yana dafa cinya da hannu a kowane taku. Duk Sokode mahauci ɗaya ne yake tafiya haka, shi ne aminin Baba wanda muke kira Kawu, maƙwabcinsa a tebur tun kafin a haife mu. Wani bijimi ne ya karya masa ƙafar suna samari, Baba ya goyo shi har gida. Mutane suka gane nan take. Aka fashe da dariya, wasu suna juyawa suna kallon layin mahauta.

Sannan Yaya ya fito. Ya sa kwat baƙa, da tabarau marar gilashi, ya rataya wani ƙyalle a ƙirji. Ya zauna ya sa hannu a takarda, ya miƙe, ya gyara murya sau biyu a hankali, ya ɗaga yatsa ɗaya ya tsayar da shi a sama har fili ya yi tsit. Na san wannan gyaran muryar, na san wannan yatsan. Da su aka raine mu.

"To, jama'a, a saurara," in ji shi. "Daga yau na hana yanka a gida. Na faɗa, kuma ba na maimaitawa."

Muryar Baba ce, ba ragi ba ƙari. Har kalmomin ƙarshen nan nasa ne, da su yake rufe magana in ya yanke hukunci a gida. Aka yi tafi. Na leƙa tsakanin kawunan mutane na hango Baba a teburinsa. Lasifikar tana kaiwa can sarai. Bai ɗago kai ba, yana ta sarar ƙashi. Teburin Kawu kuwa babu kowa, ya rufe naman da takarda ya tafi.

Daga baya na tambayi Yaya me ya kai shi. Ya ce ya nemi muryar da in an ji ta ba a musu, ya duba duk abin da ke cikin kansa, ita kaɗai ya samu. Ita kuma ƙafar, ya ce yaron ne ya kasa tafiya irin ta tsoho, yana ta sandarewa, shi kuma ya tashi ya nuna masa, bai lura da wanda yake kwaikwaya ba sai da ya gan ta a jikin wani a tsakiyar kasuwa. Haka ya gaya mini. Na yarda da shi, ko da yake akwai ranakun da nakan ce mai ido irin na Yaya ba ya rasa lura.

A ranar Baba ya tashi kasuwa kamar kullum. Ya dawo, ya ci abinci, ya tafi masallaci. Hutu ya ƙare na koma Dapaong ina zaton maganar ta wuce.

Ashe wani ya ɗauki wasan da waya. Ba duka ba, wurin da Yaya ya miƙe ya ɗaga yatsa kawai. Guntun bidiyon ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, babu mahaucin, babu yaron da ya kwanta, babu 'yan kallo, sai wani ƙaton mutum cikin kwat yana hana yanka da Hausa. Bayan wasu watanni aka fara aiki da dokar. Ma'aikata suka riƙa zagayawa suna duba tambari, naman da babu shi a ɗauke. An ɗauke na Baba sau ɗaya. Daga nan ya fara tura akuyarsa mayanka a kan keke, da gwiwoyinsa da suka riga suka gaji, ya jira layi, ya dawo rana ta yi. Kawu bai iya ba. Mayankar da nisa, ƙafarsa ba ta kai shi, kuma akuya guda a rana ba ta isa a ɗauki wani ya yi maka zirga-zirgar ba. Ya gwada na ɗan lokaci, sannan ya daina fitowa.

A nan ne maganar ta fara fita a layin mahauta: ɗan gidan wane ne ya yi dokar.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, wataƙila don ni malama ce. A Hausarmu ta zango kalma ɗaya muke amfani da ita. In an tambayi wa ya yi alƙali a wasa, a ce wane ne ya yi. In an tambayi wa ya yi doka, a ce wane ne ya yi. Samarin layin sun san bambancin, suna faɗa ne don tsokana. Tsofaffin ma yawancinsu sun sani. Amma mutumin da aka ɗauke wa nama da safe yana neman fuskar da zai ɗora wa fushinsa, waɗanda suka rubuta dokar kuwa ba wanda ya taɓa ganinsu. Yaya aka gani. In ya zo wucewa sai hira ta tsaya. Masu saye ma wasu suka riƙa tsallake teburin Baba in shi ne a tsaye.

Inna ta kira ni ta ce in zo, gidan ba daɗi. Na samu ƙarshen mako na shiga mota. Ranar da na iso, bayan la'asar, Baba ya sa aka kira Yaya zaure. Ni na kawo ruwa, Baba ya ce in zauna, ni ma 'yar gidan ce.

Ya tambayi Yaya ko shi ya yi dokar da ake ta faɗa.

"Baba, wasa ne," in ji Yaya, kansa a ƙasa. "Mai doka na yi, ban yi doka ba."

"Na sani," in ji Baba. "Ban haukace ba. Na san mai yin doka ba a gidana yake cin tuwo ba. Amma muryar wa ka ɗauka ka kai kasuwa?"

Baba ya ci gaba.

"Ƙafar wa kuma yaron nan yake ja?"

Ana jin Inna tana daka a cikin gida, sannan ta tsaya. Baba ya ce shi dokar ba ta dame shi ba, hukuma ta saba kawo abu a bi, kuma ya san akwai masu sayar da mushe. Abin da ya tsaya masa shi ne amininsa yana zaune a gida ba sana'a, kuma abin da ya rage masa a kunne daga kasuwar da ya tsufa a cikinta shi ne dariyar mutane, da muryar abokinsa tana korarsa. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ce Yaya kada ya ƙara zuwa tebur. Bai kore shi daga gida ba, bai yi masa baki ba. Ya tashi ya sa takalmi ya fita.

Washegari Yaya ya je gidan Kawu neman gafara. Ya dawo ya fi yadda ya tafi lalacewa. Ya ce Kawu ya karɓe shi hannu biyu, ya sa an kawo masa ruwa, ya ce ba komai, yaro ne, sannan ya tashi da kansa ya rako shi har ƙofa yana jan ƙafar a gabansa. Yaya ya ce da ma zaginsa ya yi.

Bayan haka zaman gidan ya gagara. Baba yana amsa gaisuwarsa, shi ke nan. Mijina ya san wani mahauci a kasuwar Dapaong mai neman hannu, sai na ce Yaya ya zo. Ya zo da jaka ɗaya, muka ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa. Matarsa da 'yarsa suka biyo shi daga baya.

Bidiyon ya riga shi zuwa. Tun makon farko yaran mahauta suka gane shi, suka sa masa suna Depite, wato ɗan majalisa. A Dapaong ba su yi fushi da shi ba, abin dariya ne a wajensu. Sukan ce ya ɗaga musu yatsa, ya yi musu muryar. Ya ƙi. Sunan dai ya bi shi, har masu saye suna kiransa da shi ba tare da sun san asalinsa ba.

Wata Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gida, sai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Moba ta yi sallama. Ta ɗaure zabuwa da tsumma ta rungume ta a ƙirji. Ƙafafunta sun yi jawur da ƙasar hanya. Ta ce daga ƙauyen Nano take, an ce mata Depite a gidan madam, wato ni, yake zaune. Yaya yana gida a ranar, zazzaɓi ya hana shi fita. Da ya fito daga ɗaki da tsohuwar riga da silifas, ta dube shi da kyau, ta gane fuskar, ta durƙusa a ƙasa ta miƙa zabuwar.

Da ƙyar muka fahimci abin da ya kawo ta. Miyar akuya take sayarwa ranar kasuwa kusa da masu cukutu, wato burkutu. Ɗanta ne yake yanka mata a gida. An ɗauke mata nama, kuma an ce in ta sake za a rufe wurin. Jikanta ya nuna mata mutumin da ya hana a cikin waya. Hausarta ta kasuwa ce, a tsinke take.

"Kai ya yi doka," in ji ta. "Kai ya cire."

Na ɗaga ta na ba ta kujera, ta ƙi zama. Na fara yi mata bayani. Na gwada da Hausa, na gwada da ɗan yaren Moba da na tsinta a wajen ɗalibaina. Na ce ba shi ba ne, ta ce ta gan shi da idonta. Na ce kayan da ya sa na aro ne, ta ce manya ma a gida ba sa sa kwat. Na rasa yadda zan ce mutum ya tsaya a matsayin wani alhali ba shi ba ne, sai na ce mata wasa ne, wasa ya yi. Nan na ɓata abin gaba ɗaya. Ta dube ni, ta dubi Yaya, idonta ya cika.

"Wasa?" in ji ta. "Nama na ya tafi. Wasa?"

Ita abin da ta ji shi ne babban mutum ya hana ta cin abinci don nishaɗi. Ta fara kuka a hankali, tana magana da yarenta, ba ta saki zabuwar ba. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Rana tana ta hawa, ita kuma ba ta da niyyar tashi, ga hanyar Nano a gabanta.

Sai na ga Yaya ya gyara tsayuwa. Ya buɗe ƙirji, ya gyara murya sau biyu. Bai ɗaga yatsa ba. Ya ce mata da waccan muryar, a hankali, ya ji kukanta, ta tashi ta koma gida, za a duba. Nan da nan ta daina kuka. Ta ajiye zabuwar a gaban ƙafarsa, ta yi ta godiya, ta sha ruwan da ta ƙi sha tun zuwanta, ta tafi da sauri kamar an sauke mata kaya.

Yaya ya koma ɗaki ya rufe ƙofa. Bai ci abincin rana ba. Da yamma ya ce kada a yanka zabuwar. Ranar kasuwar Nano ya ari babur ya ɗaure ta a baya ya tafi mayar mata, da niyyar ya nemi wanda ya iya yaren sosai ya gaya mata gaskiya. Ya zagaya wajen masu cukutu, ya tambaya, aka nuna masa inda take zama, babu kowa sai duwatsun murhu. Wasu suka ce ba ta da lafiya, wasu suka ce ta koma wajen 'yarta a wani ƙauye. Ya dawo da zabuwar, ya ba almajiran malamin unguwarmu sadaka. Tun daga ranar ban ƙara jin ya kwaikwayi kowa ba, ko don ya ba 'yarsa dariya.

Akwai lokacin da na riƙa sauraron labarai da Hausa a rediyo daga tashoshin nesa, ina kasa kunne ga yadda suke faɗa. Su sukan ce majalisa ta zartar da doka. In kuma wasa ne, su ce wane ya fito a matsayin alƙali, ko ya taka rawar alƙali. Kowanne da kalmarsa, ba sa haɗuwa. Na ji daɗin wannan kamar na tsinci wani abu, na kai wa Yaya yana wanke wuƙaƙensa. Ya saurara har na gama. Ya ce kalmomin suna da kyau, amma Baba ai bai taɓa ruɗewa ba, ita kuma tsohuwar ba kalma ta zo nema ba. Ban sake tayar da maganar ba.

Shekaru suka ɗan tura. Mutane suka saba da dokar. Gaskiya ita ce nama ya fi tsabta yanzu, ni kaina ba na sayen wanda babu tambari. Bidiyon ya nutse a ƙarƙashin wasu sababbi. A Sokode samarin layin sun manta, amma gidanmu bai koma yadda yake ba. Duk Sallah Yaya yakan je. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya ce lafiya, ya tambayi hanya, ya ɗauki jikarsa ya ɗora a cinya ya yi ta ba ta nama. Ba faɗa, ba hira. Inna ta gaya mini cewa duk lokacin da na kira waya, in na kashe, Baba yakan tambaye ta ko wancan yana cin abinci. Ta ce ya karɓi wayar ya tambaye shi da kansa, ya ce hannunsa da maiƙo.

Da damina ne aka kira ni ina cikin aji. Inna ce. Ta ce Baba ya faɗi a mayanka, an kawo shi gida, ba ya magana, mu taho. Na bar ɗalibai da maƙwabciyar ajina, na bi ta kasuwa na ɗauki Yaya da rigar aikinsa. Muka samu mota a tasha, aka yi ta jiran ta cika. A hanya ruwa ya tsuge. Mun wuce Kara, muna hawan dutse, motar ta tsaya, direba da yaronsa suka shiga ƙarƙashinta. Muna fake a gindin wata bishiya wayar Yaya ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, ya ce Allah ya ji ƙansa, ya mayar da wayar aljihu. Ya zauna a kan wani jiƙaƙƙen dutse yana kallon manyan motoci suna hawa da ƙyar. Ni na yi kuka, shi bai yi ba. Kafin mu isa an riga an kai Baba.

A wajen zaman makoki Kawu ne a gaba, shi ya yi wa Baba wanka. Ya tsufa ƙwarai, sanda biyu yake riƙewa. Da ya ga Yaya ya matsa masa wuri a tabarmarsa. Ina daga cikin gida ban ji abin da suka ce ba, Yaya ne ya gaya mini bayan kwana biyu. Kawu ya ce masa shi tuni ya yafe, kuma ya sha gaya wa Baba ya kira ɗansa ya dawo tebur, abin ya isa haka. Baba yakan ce to, bari Sallah ta wuce. Sallah ta wuce ya ce bari damina ta wuce. Kawu ya faɗi haka ne don ya sanyaya masa zuciya. Yaya ya ce da bai gaya masa ba.

Bayan addu'ar bakwai manyan mahauta suka zo suka ce teburin nasa ne, ya dawo ya riƙe gidan ubansa. Ya yi musu godiya, ya ce a ba ɗan ƙanin Baba. Inna ta roƙe shi, bai canza ba. Muka dawo Dapaong tare, a mota ɗaya.

Bai daɗe ba ya bar aikin nama gaba ɗaya. Ya gwada sayen dabbobi daga wajen Mandouri yana kawowa gari, har hanyar ta zama abin tsoro saboda 'yan bindiga, matarsa ta hana shi. Yanzu zemijan yake yi, yana ɗaukar mutane a babur tsakanin tasha da kasuwa. Ciwon suga ya kama shi, jikin nan duk ya zube, wanda ya san shi a da ba zai ce shi ne ba. Ya kama ɗakuna biyu a bayan tasha, ya ɗauko Inna ta dawo wajensa don idonta ya yi rauni. Shi yake kai ta asibiti, shi yake yanke mata farce.

Ranar Juma'a nakan je can bayan an tashi daga lakwal. Makon da ya wuce na same shi a ƙofar gida ya kwance tayar baya yana neman inda ta huje, ya tsoma ta a kwanon ruwa yana juyawa. Muka yi maganar jarrabawar 'yarsa, da maganin Inna da ya kusa ƙarewa, da rufin ɗakin da yake yoyo. Hadari ya taso daga gabas, ya ce in jira ya gama ya kai ni. Na ce ya bari, zan taka. Na shiga na sallami Inna, na fito na bar shi a tsugune yana shafa gam a kan facin.